Ranar da Inna ta wanke ƙarfen motar Baba

Bari in faɗa muku ƙarshen tun yanzu, don ni ba ni iya ja-in-ja da labari: Baba ya fito daga ɗaki, ya shiga garejinsa da ƙafarsa. Da safiyar wata ranar kasuwar Jega ne, cikin sanyin farko bayan an yanke mu daga Sakkwato an ba mu Kebbi. Yau muka fito daga jarabawar ƙarshe, ni da na koma makaranta da girmana, yaran ajinmu na ta ihu ana ɗauke-ɗauken hoto, ni ma wallahi daɗi kamar in tashi sama. Amma ina zama sai safiyar nan ta faɗo mini, shi ne na jawo waya.

Baba direba ne. Yana da akori-kura da yake ɗauko albasa daga Aliero ya kawo Jega, wani lokaci ya zarce Maiyama. Ya ɓalle katangar gidanmu ta gefen zaure ya yi mata gareji da rufin kwano, har maƙwabta na tsokanar cewa motar ta fi mu ɗaki mai kyau. Yaron motarsa Ɗanjuma, ɗan abokinsa ne daga Gumbin Kure, a gidanmu yake cin tuwo, shi ke goya ni a wuya in ya dawo yana warin albasa. Ƙarshen damina taya ta fashe musu a hanyar Maiyama, motar ta ƙwace. Baba ya tsira da karaya a hannu. Ɗanjuma bai tsira ba.

Anka jawo gawar motar anka tura gareji, anka zuba tarkacen injin a bayanta. Hannun Baba ya warke, amma shi bai warke ba. Ya shige ɗakinsa, ko masallaci sai dai ya bi jam'i daga ciki. In an kai tuwo ya taɓa kaɗan ya turo. Ni da yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ni, sai in zauna bakin ƙofarsa ina carafke da gangan, ina watsar da duwatsun ko zai ce in tashi. Ko uffan.

Sanyin shekarar ba a magana. Da safe mukan kewaye wutar kara kafin mu tafi firamare, Inna ta murje mana kaushi da man shanu, mu shiga aji muna warin hayaƙi, alli na faɗuwa daga yatsu. Rumbu kuma ya fara nuna ƙasa. Sai matar Mani mai tukwane, wanda ke narka alminiyon a bakin kasuwa yana zuba tukwane da ludaya, ta shigo ta ce mijinta na sayen farin ƙarfe, kuma ga shi jibge a garejinmu yana kwana. Inna ta yi sallama ƙofar Baba ta faɗa masa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ni da Inna munka shiga aiki. Ba mu san sifana ba, tsohuwar taɓarya muka sa muna ɓalle abin da ya ɓallu. Duk abin da ya yi fari kuma bai da nauyi, mu ware. To Inna mace ce da ko ƙwaryar aro ba ta mayarwa da datti. Ta dubi ƙarafan nan baƙi ƙirin da baƙin mai ta ce, "Wa za shi aika ma mutane wannan ƙazanta? A ce daga gidana ta hito?" Da asuba ta dafa ruwa, ta kawo toka da soso, munka durƙusa muna dirza kamar kwanukan biki. Hannuna ya daskare, amma ina jin daɗi yadda suke ƙyalli. Rana ba ta fito ba balle su bushe, mai amalanken da zai kai wa Mani kuma na jira a waje, don ranar kasuwa Mani nan take yake narkawa masu saye na tsaye. Munka ɗura a buhu shaf-shaf.

Ni na jawo buhun ta gaban ɗakin Baba, yana zubar da ruwa a ƙasa. Sai na ji murya daga bayan asabari, a dushe, kamar ta wani baƙo.

"Uwata, mi ac cikin buhun ga?"

Na ce ƙarfen Mani ne, mun wanke shi tas.

Asabarin ya ɗaga. Baba ya rame, gemu ya cika masa fuska, yana ƙifta ido don haske. Ya zura hannu ya zaro wani bututu ya karkata shi, ruwa ya tsiyayo. Ya juya wajen Inna. "Ke ko kin san in wannan ya shiga narkakken ƙarfe, tukunyar tashi takai? Idon Mani za shi tahi, da na duk wanda ke tsaye." Inna ta dafe ƙirji, soso na hannunta. Sannan ya ce a hankali, "Motar ga ta ci mutum guda. Ya isa."

Ya sallami mai amalanke. Ya ɗauki buhun da kansa ya nufi gareji. A bakin ƙofa ya tsaya, ya daɗe, yana kallon gefen motar da Ɗanjuma ke zama, inda ƙofarta ta lotse. Inna ta riƙe ni kada in matsa. Muna ganin leɓensa na motsi. Sannan ya yi bisimilla ya taka.

Ranar ban je makaranta ba, kuma ba wanda ya kore ni daga gareji. Baba ya sa anka kawo kaskon garwashi tsakiyar gareji, ya gitta tsohon kwanon rufi a kai, ya baje ƙarafan suna tururi, yana juya kowane ɗaya bakinsa ƙasa. Daga nan ya shiga tsara wurin kamar mai shirya lodi. Baƙin ƙarfe kusa da ƙofa, tunda shi ke da nauyi kuma raɓa ba ta dame shi ba. Farin ƙarfe can sama kan katako, nesa da randa da inda muke alwala. Jan ƙarfen waya da na lagireto cikin garwa mai murfi. Batir ya fitar bayan gida inda kaji da yara ba su kai. Ya ɓalle mayen ƙarfe daga lasifikar rediyon motar, ya ɗaura masa igiya ya rataya mini a wuya, ya ce abin da ya kama baƙi ne, abin da ya ƙi in kawo masa. Da azahar ya ce yunwa yake ji. Inna ta juya baya ta shige madafi da sauri, na ga tana goge fuska da gefen zane.

Kafin sanyi ya wuce motar ta ƙare, guntu-guntu, da hannunsa. Mutane sunka fara kawo tsofaffin kekuna da fasassun tukwane da injin ban-ruwa daga Jandutsi, gareji ya zama wurin sana'a. Bai sake riƙe sitiyari ba. Amma daga farin ƙarfen farko ya sa Mani ya zuba babbar tukunya, ya ɗauke ta ya shiga motar haya, ya bi hanyar Maiyaman nan da ya rantse ba zai sake bi ba, har Gumbin Kure wajen mahaifiyar Ɗanjuma. Da ya dawo ya ce ta karɓa, ta ce a ciki za ta riƙa dafa wa Ɗanjuma sadaka.

Yanzu garejin shagon cajin waya ne, yara na zaune suna latse-latse daidai inda kaskon yake. Masu sayen ƙarfe babur suke yawo da shi, komai a buhu ɗaya, ba mai tambayar ko a jiƙe yake. Baba ya rasu, Inna ta tsufa, har gobe in an tuna mata sai ta ce ita dai ba ta aika datti gidan kowa. Mun yi ta lallashinsa bai fito ba, sai da ya ga wani zai cutu.

Don Allah wanda ya karanta ya tura gaba, musamman gidan da wani ya rufe kansa a ɗaki. Kuma a sa Baba da Ɗanjuma a addu'a.