Aibi Uku na Gidan Edmonton

Kafin in zo London ban san kalma ɗaya za ta iya ɗaukar kaya da yawa kamar swap ba. A gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, swap muke yi na ranakun aiki. A bas a roƙe ki ki yi swap ɗin kujera da mai jariri. 'Yata Zainab tun tana firamare take swap ɗin abincin rana, ta ba da ƙosan da na tashi da asuba na soya, ta karɓo biskit. Har gida ana swap ɗinsa: mai zaune a flat ɗin council, wato gidan hayar hukuma, ya nemi wani mai irinsa, su yi musaya, hukuma ta sa hannu. Ni ma na yi, shekara biyu ke nan, kuma tun daga ranar, kakata Iya Ladi ba ta bar raina ba.

A ƙauyenmu kusa da Bichi, lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i sai Iya ta jawo kaskon wuta tsakiyar ɗakinta, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Tana da wata ƙa'ida da duk gari ya sani: in za a yi musaya, ko ta kaza da kaza ce, sai kowa ya faɗi aibin abinsa kafin a saki hannu. Wanda ya ɓoye, Iya ba ta ƙara amsa gaisuwarsa sai ya je ya gyara.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ta Kurciya ce. Wai Kurciya tana da sheƙa a kan wata 'yar aduwa a bakin rijiya, Hazbiya kuma tana can ƙololuwar giginya a bayan gari. Kurciya ta gaji da hayaniya, ta nemi su yi musaya. Hazbiya ta faɗi aibin nata: iska, da nisan ruwa. Kurciya ma ta faɗi nata: ƙaya, da surutun masu ɗiban ruwa, sannan wata Ƙadangaruwa da kullum safe sai ta hawo reshe tana gyaɗa kai, tana tambayar yadda aka kwana. Nan Iya takan gyaɗa kanta irin na ƙadangare, mu kwashe da dariya.

Kurciya ta hau giginya, ta sami shirun da take nema. Ta yi kuka da safe, ba wanda ya amsa. Ciwo ya kwantar da ita kwana uku, ba wanda ya sani. Da ta sami sauƙi ta sauko neman a warware musaya, sai ta tarar da Hazbiya da Ƙadangaruwa suna ta hira a reshenta na da.

Iya ta tono dankali, ta hura tokar, ta ce, "To, wa ya cuci Kurciya?"

Muka ce Hazbiya.

"Ba ruwan Hazbiya, gaskiya ta faɗa. Kurciya ma gaskiyarta ta faɗa, kayanta ne dai ba ta sani ba."

Mu a lokacin dankalin ne a gabanmu.

Bayan rasuwar maigidana, Zainab ta yi aure ta koma Birmingham, sai flat ɗinmu na Edmonton ya yi mini yawa, ga hawa huɗu, ga ciwon gwiwa. Aka haɗa ni da Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, wadda ke matse da yara uku a ɗaki ɗaya a Whitechapel, a ƙasa, kusa da masallaci da asibiti. Ranar da ta zo duba gidan na zaunar da ita, na yi yadda Iya ta koya mana. Na nuna mata danshin bangon banɗaki. Na gaya mata lift ya fi kwana a lalace. Na uku na rage murya na ce akwai wata tsohuwa Baturkiya a ƙofar da ke kallon tamu, Anti Sevim, kullum sai ta ƙwanƙwasa, ta tambayi ko an ci abinci, ta buɗe tukunya ta leƙa, ta kawo miyar da ba a roƙe ta ba.

Hajiya Memuna ta yi dariya ta ce, "Hajiya, tsofuwan nan shi ne aibi? Ni lift ɗin ne ya dame ni."

Sabon wurin ba shi da laifi. Bango a bushe, masallaci da ƙafa nake zuwa, maƙwabta su yi murmushi su rufe ƙofa. Da sanyin bara zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu. Sau ɗaya wayata ta yi ƙara, daga wurin aiki, ana tambayar ko zan iya swap ɗin ranar Asabar. Na ajiye wayar na yi kuka, kukan da ban yi ba tun ranar jana'izar maigidana.

Da na warke na soya waina, na hau jirgin ƙasa na Overground zuwa Edmonton da niyyar in roƙi Hajiya Memuna ko za ta yarda mu koma yadda muke. Ƙofar Anti Sevim a buɗe na same ta, silifas ɗin Hajiya Memuna a bakin ƙofa. Tsohuwar ta rungume ni har da hawaye, ta zaunar da ni a kujerar falo mai kyau, ta kawo mini shayi a ƙaramin kofin gilashi mai bakin zinariya, wanda take ajiye wa baƙi. Shekara goma sha huɗu a tsaye nake shan shayinta a kicin, a wani shuɗin kofi mai tsagaggen baki. Yau wannan kofin yana hannun Hajiya Memuna.

Na daɗe ina ɗauka abin da Iya take koya mana shi ne kada mu cuci wanda muke musaya da shi, kuma wannan na riƙe shi da kyau. Ban taɓa lura cewa tausayin Kurciya take ji ba. Ban ɗago maganar da ta kawo ni ba. Na shanye shayin, na yi godiya irin ta baƙi, su biyun suka raka ni har bakin bene.