Ranar da Aka Kira Onarabul Mushe

Ko da zan manta sunan mai ɗakin da na fara haya, ba zan manta ranar da ɗan majalisarmu ya zo bakin boda karɓar godiya ba. A lokacin ina sayar da shinkafa da wake a tashar Jibiya, ban san ko bihim ba a boko. Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun ranar da hannuna ya iya riƙe biro na yi alkawarin sai na rubuta wannan labari.

Mutumin nan an ce a wani ƙauye nan kusa da mu, wajen Bugaje, aka haife shi, amma tun yana rarrafe aka tafi da shi Kaduna. Bai dawo ba sai da ya yi tumbi, ya zo da manyan motoci yana cewa shi ɗan gida ne. Aka zaɓe shi, aka sake zaɓensa. Duk zaman da ya yi a majalisar jiha, waɗanda ke sauraren rediyo sun ce ba su taɓa jin muryarsa ba sai in zai ce ya goyi baya. Mu kuwa fuskarsa a jikin bango kawai muka sani, har awaki sun fi mu amfana da shi, don su suna cin fastar.

To sai aka buɗe boda bayan doguwar rufewar da ta karya mu. Ga zaɓen fid da gwani ya matso, yana neman zango na uku. Sai ga shi da makaɗa da lasifika, yana faɗa wa jama'a shi ya yi ta kai da kawo har aka buɗe, kamar makullin a aljihunsa yake.

Ranar nan kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya tsallako daga wajen Maraɗi don ya gan ni. Tsoho ne mai saurin yarda da mutane. Da ya ji wai ga wanda ya buɗe hanya, ya ajiye kwanon abincinsa, ya kutsa har gaban mota, ya rusuna ya ce, "Mushe, mun gode. Allah ya ƙara maka girma, Mushe."

Duk wanda ya tashi a bakin iyakar nan ya san in mutumin Nijar ya ce maka mushe, girmama ka ya yi. Haka suke kiran malamin makaranta da duk wani babban ɗan boko, daga bakin Faransa suka samo. Onarabul kuwa mushen da ya sani ɗaya ne, wanda ungulu ke sauka a kansa. Fuskarsa ta murtuke, ya hau faɗa wai 'yan adawa ne suka turo tsohon ya zage shi a bainar jama'a, a kama shi a jefa a mota, sai Katsina. Abin da har yau yake ƙona mini rai, yaran da suka shaƙe kawuna 'yan garin nan ne, sun san ma'anar kalmar sarai, amma bakin da ya ci ba ya gyara wa maigida magana. Rawanin tsoho ya faɗi ƙasa, yana ta tambayar laifin me ya yi. Ba ya ɗauke da ko takardar shaida, don wa ke ɗaukar takarda zuwa gidan ɗiyarsa? Na san in motar nan ta tashi da shi, sai mun sha wuya kafin mu sake ganinsa.

Ludayin miya na hannuna, haka na ratsa taron. Na tsaya a gaban motar na ce, "Ranka ya daɗe, a wane gari ka ce an binne cibiyarka?"

Ya ce a nan mana, Hajiya.

Na ce, "To tambayi kowane ɗan acaɓa a tashar nan abin da mushe ke nufi a bakin mutanen ƙetare. Tsohon nan kawuna ne, girma ya ba ka, kai ne ba ka gane kayanka ba."

Sai wani direba ya ƙyalƙyale da dariya, tashar duka ta ɗauka. Wani na kusa da shi ya raɗa masa a kunne. Nan take aka saki kawu, har da kakkaɓe masa riga. Da Onarabul ya shiga mota ya tafi a nan, da ƙila maganar ta mutu. Amma ina, sai ya karɓi lasifika yana yaƙe, wai ai ya sani, wasa yake da tsohon, kuma don ya nuna shi ɗan gida ne ya ɗaga hannu ya ce, "Ni mushe ne, ku ma jama'ar Jibiya dukanku mushe ne!"

Wayoyi na sama suna ɗauka. Kafin kasuwa ta sake ci, maganar ta kai ƙauyukan Gangara da Kusa, an yanke farkonta an bar ƙarshen. Ya yi ta aika mutane ƙauyuka suna bayani, amma wa zai zauna a yi masa darasin Faransanci bayan an ce masa mushe? Wakilan jam'iyya suka karɓi abin da ya raba, suka zaɓi wani. Ya tattara ya koma Kaduna, ko ban kwana babu.

Kawu kuwa har ya bar duniya bai gane dalilin da za a shaƙe mutum don ya yi godiya ba. Ni dai abin da na koya shi ne, kafin in ba mutum ƙuri'ata sai na gwada kunnensa. Wanda bai gane gaisuwarku ba ranar murna, ba zai gane kukanku ba ranar wuya.