Sallamar da Ba Mu Amsa Ba

Majami'armu a Azare ba ta wuce girman ajin firamare ba, kuma kusan dukanmu aiki ya kawo mu garin: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda. Ni daga kudancin Bauchi na biyo mijina, wanda dattijon ikkilisiya ne. A shekarun nan na tamanin hankalinmu bai cika kwanciya ba, in aka yi rigima a wani gari sai mu kwana da kunne a buɗe.

A lokacin azumi kafin Ista fasto yana koya mana rayuwar masu bi na farko, yadda suke taruwa gida gida, suna ci tare, baƙo ba ya kwana a waje. Mu kuwa sai gyaɗa kai. Mu 'yan zumuntar mata har waƙa muka haɗa a kai, muna kaɗa tulu kamar mu ne muka kafa ikkilisiyar.

Wata Lahadi ana tsakiyar karatu, wani tsoho ya tsaya a bakin ƙofa, da riga da hula da ƙunshi a hannu. Ya cire takalmansa ya jera su, ya yi sallama irin ta mutanen gari. Ko mutum ɗaya bai amsa ba. Matar da ke kusa da ni ta raɗa mini cewa leƙen asiri aka turo shi, na jawo 'yata kusa da ni.

Mijina ya fita ya same shi. Cikin ladabi, wanda shi ya fi ƙona ni yanzu, ya ce, "Malam, ko ka yi ɓatan kai ne? Masallaci yana can gaba."

Tsohon ya ce shi masunci ne daga wajen Katagum. Wata ma'aikaciyar jinya da ta taɓa jinyarsa ita ta ba shi labarin Almasihu, ya riƙe abin a ransa shekara da shekaru shi kaɗai, sai yanzu ya ji akwai masu bi a Azare. Ya ce, "Na zo in ga 'yan'uwana ne."

Aka ba shi benci na ƙarshe. Mutanen da ke kai suka tashi ɗaya bayan ɗaya, wai zafi. Da aka tashi ba wanda ya ce masa ya zo gida ya sha ko ruwa. Ya ajiye ƙunshin nan gaban bagade, wato teburin ibada, ya sa takalmansa ya tafi. Da muka kwance, busasshen kifi ne, baikon da ya kawo wa Allah.

Bayan Ista fasto ya karanta mana inda almajiran Almasihu suka kulle kansu a ɗaki don tsoro, shi kuma ya shigo ya gaishe su. A Hausarmu gaisuwar nan sallama ce, irin wadda tsohon ya yi. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai, na ga mijina ma ƙasa yake kallo.

Daga baya maza sun je Katagum ranar kasuwa suna cigiya a bakin kogi. Masunta suka tambaye su sunan mutumin da suke nema. Sai a nan suka gane babu wanda ya tambaye shi.