Kantar Hannun Dama

Abokan aikinsa suna ce masa Baba Bes tun kafin furfura ta fito masa. Jitar bes yake kaɗawa, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda masu rawa ba sa lura da ita sai in ta yi shiru. A zauren wani otal yake aiki da ƙungiyar makaɗa, yana tsayawa can baya kusa da mai ganga, inda fitila ba ta cika kaiwa ba.

Abin da yake ji da shi yatsunsa ne. Tsirkiyar bes ƙarfe ce, tana cin fata, shi ya sa yatsu huɗu na hagu masu danna ta, da biyu na dama masu fizgarta, duk sun yi kanta mai tauri. Kullum da safe yakan zauna bakin taga da ɗan zarton farce, ya goge inda kantar ta fara ɗagowa, don in tsirkiya ta kama wurin za ta ɓare ta gaba ɗaya. Ba ya barin hannunsa ya daɗe cikin ruwa. Man shafawa kuwa, ko kusa. Matarsa takan ce ba ta taɓa ganin wanda ya samo wa ƙin wanke-wanke hujja mai kyau kamarsa ba.

Akwai 'yar roba mai kusurwa uku da wasu makaɗa ke kaɗa tsirkiya da ita maimakon yatsa. Baba Bes ya raina ta ƙwarai. "Cokalin yara ke nan," yakan ce wa mai ƙaramar jita. "Wanda ke tsoron fatarsa ya je ya kaɗa ƙararrawa."

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Ta rasu wajen haihuwa, jaririyar ta rayu. Mijinta direban babbar mota ne, ba ya zama gari, sai ya kawo musu yarinyar. Matar Baba Bes na fama da sanyin ƙashi, kofi ma da hannu biyu take ɗauka. Tana iya ba yarinyar madara, tana iya rarrashinta, amma jaririya cikin santsin sabulu ta fi ƙarfin yatsunta. Maƙwabciya ta taimaka da farko, daga baya ta koma bakin aikinta. Wanka ya faɗo kan Baba Bes.

Ranar farko, yana shafa wa yarinyar mai, yatsansa na dama ya bi kumatunta ya bar jan layi. Yarinyar ta tsala ihu.

"Malam, ka ga aikinka?" in ji matar, ta karɓe ta. Sai da kukan ya lafa ta ƙara da cewa, a hankali, "Uwarta ma haka ka yi mata. Shi ya sa na ce ka bar min."

Ya manta da wannan. Abin da ya sani kawai shi ne bai taɓa yi wa 'yarsa wanka ba, kuma a lokacin daɗi ma ya ji da aka ɗauke masa.

Ya gwada safar hannu ta roba. Ba ya jin ɗumin ruwan, kuma yarinyar na zame masa, sai ya cire. Ya ci gaba da hannunsa haka, yana kaffa-kaffa. Ruwan ɗumi da mai suka yi abin da ya daɗe yana gudu: kantar ta yi fari, ta yi laushi daga ƙasa, samanta kuma na nan da kaushi. Tana ƙarzar yarinyar, ba ta kuma jure tsirkiya. Wata ranar wasa, ana tsakiyar kiɗa, ta yatsan tsakiya na dama ta ɓare. Ya ƙarasa da yatsa ɗaya, kiɗan na ɗingishi, masu rawa suna waiwaye.

Shugaban ƙungiyar ya same shi yana naɗe waya. "Baba, ko mu nemo wanda zai riƙe maka, har ka warke?"

Baba Bes ya ga yadda ake irin wannan riƙon; wanda aka riƙe wa ba ya dawowa. "Ka bar ni zuwa gwaji na gaba," ya ce.

Washegari ya zauna bakin taga da zartonsa kamar kullum. Ya gyara na hagu yadda ya saba. Da ya zo kan na dama sai ya ci gaba da gogewa, har ya kai inda fata ke jin zafi.

"Miƙo min man nan," ya ce.

Matar ta leƙo daga ɗaki. "Na yarinya?"

"Shi."

"Yau na ga abin mamaki," ta ce, amma ta zauna ta shafa masa da kumburarrun yatsunta.

Ya kuma sake dabarar wankan. Yakan kwantar da yarinyar a kan damtsensa na hagu, yatsun suna sama nesa da ruwa, hannun dama shi ke cuɗa da shafa.

Ranar gwaji ya rataya jitarsa, ya tsaya gaban mai ƙaramar jita, ya miƙa hannu. "Ara min abin nan."

"Wane abu, Baba?"

"Ka sani."

"Wallahi ban sani ba. Faɗi sunansa."

Mai ganga ya buga faifan ƙarfe don murna. "Jama'a ku matso! Baba zai ci abinci da cokalin yara!"

"Kai dai riƙe sandunanka," in ji Baba Bes. "Tun muna samari kake gudu kana barin waƙa a baya."

Mai ƙaramar jita ya miƙa masa robar, suka fara. Robar ta suɓuce masa, ya sunkuya ya ɗauka, suka sake. Sautin ya fito da kaifi, babu taushin nan da aka san shi da shi, shi kansa bai ji daɗinsa ba. Ya rage kaifin daga akwatin sauti, ya matsar da hannunsa sama, ya manne wa bugun mai ganga. Shugaban ya saurara, kansa a sunkuye, har waƙar ta ƙare.

"Ba irin na da ba ne," ya ce.

"Na sani."

"Amma ana rawa da shi. Ka zo da wuri ranar wasa, ka kuma sayi robarka."

Da ya koma gida ruwa na kan wuta. Ya sirka shi, ya gwada da gwiwar hannu, ya kwantar da jikarsa a damtsensa. "To amaryata," ya ce mata, "kin sa an yi min dariya yau." Ya bi kumatunta da yatsan da ya warke. Babu layi. Ya ji har 'yar gargasar da ke kusa da kunnenta, sai ya tsaya, yatsan na wurin.

"Malam," in ji matar daga bakin ƙofa, tawul a hannunta, "ruwan zai huce."