Tafin Hannun Kawu

Jiya a Wadata na ga makanike ya jona kwamfuta jikin mota yana daidaita mata iska da mai, sai marigayi Kawu, tsohon makanikenmu, ya faɗo mini a rai. Shi tafin hannu yake tarawa a bakin bututun hayaƙi, ya duba, ya shinshina.

Shekarar fari da yunwa, zamanin mulkin soja, anjaktocin babbar motata, masu fesa wa inji mai, suka mutu, ga hatsi zan kai wa mutanenmu can wajen Tawa. Ba mu samu irin nata ba sai manya, muka sa mata. Man gazuwal ya yi mata yawa, ta dinga aman baƙin hayaƙi.

"Ka ƙara mata ci, ba ka ƙara mata numfashi ba," in ji Kawu. Ya yini yana murɗa famfon mai, yana buɗe hanyar iska, har tafinsa ya fito fes.

Sai ga sojoji, wai gwamnati na buƙatar mota. Na raɗa masa, "Kawu, ce musu ba ta gyaru ba!" Injin kuwa na kaɗawa lafiya lau, kowa na ji.

Ya daɗe yana kallon tafinsa. "Ɗana, da na bar mata hayaƙinta."

Suka tafi da motar, hatsin bai je ba. Allah ya yalwata kabarinka, Kawu, ya buɗe maka iskar Aljanna.