Tsatsar Da Na Danna Da Yatsana

Na ga tsatsar da idona, na danna ta da babban yatsana, na fito daga ƙarƙashin motar na ce wa ƙanena lafiya ƙalau take. Wata huɗu bayan nan injin ya ƙone a hanya da kayan mutane a ciki. Labarin ke nan. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara min magana.

A lokacin ni makaniki ne a unguwar Rikkos, a Jos. Na fi shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, ban taɓa mallakar ko taya ɗaya ba. Rumfar kwano gare ni, da akwatin sifana. Wanda nake kira ƙanena ɗan baffana ne, gida ɗaya muka tashi. Ni na kai shi kasuwar Farin Gada yana lodin kabeji. Ni na koya masa riƙe sitiyari da motar wani kwastoma da ban nemi izininsa ba. Ni na roƙi wani mai mota ya ba shi tuƙi. Shi mutum ne mai fara'a, ni kuwa ba a cika son zama da ni ba. Matan da ke kawo tumatir da karas daga ƙauyukan kan dutse suka saba da shi, suna ce masa ɗansu, ba sa yarda kowa ya ɗaukar musu kaya sai shi. Allah ya buɗa masa. Wata safiya ya zo rumfata bakinsa har kunne, ya ce Yaya in wanke hannu in raka shi, ya samu ƙaramar bas tokumbo, irin wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, zai saya, amma ba zai karɓi makulli ba sai na duba.

Haka ake yi a nan. Ba mai sayen mota sai ya je da makanikinsa, abin da makanikin ya faɗa shi ne magana. Na bi shi ba da wata mugunta a raina ba, Allah shaida. A wurin dillalin motar ne abin ya fara. Dillalin ya tashi yana ce masa Oga, ya jawo masa kujera, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi. Ya tambaya ko ni wane ne. Ƙanena ya ce makanikinsa ne. Bai ce yayansa ba. Dillalin ya ɗauko kwali ya jefa min a ƙasa, ya ce to bismilla.

Na kwanta na shiga. Sama motar kamar yau aka ƙera ta. Ƙasa kuwa an fesa mata baƙin fenti sabo, har yana wari. Nan na san akwai magana. Tsohon ogana ya taɓa gaya min cewa a ƙasashen sanyi gishiri suke zubawa a titi don ƙanƙara ta narke, gishirin yana manne wa ƙasan mota yana cin ƙarfe. Mu ƙanƙarar da muka sani a Jos ita ce ta damina mai farfasa kabeji, amma ɓarnar gishirin nan na sha ganinta a motocin da ake kawowa. Na kai hannu kan kwanon da ke ƙasan inji, wanda baƙin mai ke taruwa a ciki, mu muna ce masa botom filet. Na danna. Ƙarfen ya lotsa kamar gwangwanin madara, fentin ya tsage, jan gari ya zubo min a fuska. Canza kwanon aikin yini ɗaya ne. Da na faɗa, ko dillalin ya canza, ko ni in nemo wani a kasuwar kayan gyara in ɗaura.

Ina kwance ina jin su suna dariya a kaina. Dillalin na cewa wata tsohuwa ce ke da motar a can, coci kawai take zuwa da ita. Ƙanena na cewa ai kowace mota a Jos ta tsohuwar nan ce, ita kuwa motoci nawa gare ta? Ina kallon takalmansa, sababbi. Na share fuskata, na fito, na ce lafiya ƙalau.

Ranar da ya kawo motar unguwa, mata suka yi guɗa. Mahaifiyata ta dafa murfin gaba ta yi addu'a mai tsawo, irin wadda ban taɓa ji ta yi wa rumfata ba. Matata ta shiga ta zauna a gaba, ta ce kujerar ta fi katifarmu laushi. Wasa take yi. Ni ban ci tuwo ba ranar. Duk sanda ya wuce ta gaban gareji sai ya danna hon sau biyu ya ɗaga min hannu. Gaisuwa ce, amma ni ji nake kamar yana nuna min ne. Abokan aikina suna tsokanata, wai yaron da na koya wa tuƙi ya wuce ni a kan kwana.

Ba sau ɗaya na ɓoye gaskiya ba, shi ya sa ba ni da uzuri. Ranar wata Juma'a ya ajiye motar a ƙofar gidanmu, da ya tafi na ga ɗigon baƙin mai uku a ƙasa. Na ja ƙasa da takalmi na rufe. Bayan sati biyu ya zo ya ce Yaya mai yana raguwa, kuma jar fitilar nan ta mai tana ƙiftawa. Na ƙara masa mai, na ce haka tokumbo take kafin ta saba da ƙasarmu, fitilar kuma waya ce ta saki, kada ya kula ta. Ya yi godiya, ya ajiye min ledar dankali da kabeji biyu in kai wa yara. Na karɓa. Ban so ya mutu ba. So nake wata rana in gan shi tsaye a bakin titi da hannu a ka, ya kira ni, ya tuna wane ne babba.

Ya kuwa kira. Ya ɗauki tumatir ɗin mata uku zai kai Abuja, ɗaya daga cikinsu, wata dattijuwa da yake kira Mama, tana zaune a gaba. Sun gangara Hawan Kibo lafiya. Can ƙasa, inda sanyin Jos ke ƙarewa zafi ya fara, kwanon ya fashe. Fitila ta kama, bai tsaya ba, domin yayansa ya ce waya ce. Injin ya yi ƙara ya ƙame. Da a ce a kan gangaren abin ya faru, da gawa zan je ɗaukowa.

Na isa da azahar. Rana ta riga ta dafa tumatir, ruwa na tsiyaya daga kwanduna, ƙuda sun taru. Mama na zaune a kan dutse ta haɗa kai da gwiwa, noman shekararta ke nan. Abin da na yi wata huɗu ina jira na gani, ƙanena tsaye a bakin titi da hannu a ka. Na ji daɗi? Na ji, na ɗan lokaci. Ba zan yi ƙarya ba.

Akwai wani tsohon makaniki na bakin hanya da ya riga ni zuwa, ya kwance kwanon ya ajiye a ƙasa. Ya tambaya wane makaho ne ya duba motar nan kafin a saya. Ƙanena ya taso masa, ya ce ya iya bakinsa, yayansa ne, kuma abin da Yaya bai gani ba babu makanikin da zai gani a faɗin Filato. Tsohon bai yi musu ba. Ya juya kwanon, ya goge wani wuri da tsumma, ya nuna masa lotsawar, zagaye, daidai girman yatsa, tsagar ta fara daga tsakiyarta. Ya ce wannan ba dutse ba ne, wani ne ya taɓa ya ji, kuma wanda ya taɓa ya sani. Ƙanena ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya kalli hannuna. Mama ce ta ɗaga kai ta ce da ni, ɗana, me ya yi maka?

Har yau ina yi wa kaina tambayar nan. Cewa ya kira ni makanikinsa? Ai makanikinsa ne ni.

Bai gaya wa kowa a gida ba. Motar ta yi damina biyu a ajiye, daga baya aka sayar da ita a matsayin ƙarfe. Matan nan sun koma wa wani direba. Na je gidansa sau ɗaya in nemi gafara, ya ce ya yafe, ya sa aka kawo min ruwa, ya raka ni bakin ƙofa kamar baƙo.

Duk mai sana'ar da ɗan'uwansa ya yarda da idonsa, ya ji tsoron Allah ya faɗi abin da ya gani. In ransa ba ya son alherin mutumin, gara ya ce ba shi da lokaci, a nemi wani. Mai sayen tokumbo kuma ya durƙusa da kansa ya leƙa, in ya ga sabon fenti a ƙasa ya sa a kankare.

Ina nan a Rikkos, a rumfar kwanon nan. Ƙanena ya koma tuƙa motar wani. Yana wucewa ta gabana kusan kullum, yana ɗaga min hannu, ba ya danna hon. In motar ta samu matsala, gaba yake kai ta, wurin wani yaron da ni na yaye.