Ranar da Na Raka Dodona Birni

Tun ina firamare nake zane, kuma tun lokacin Baba bai taɓa tsayawa ya kalli ko ɗaya ba. Ba ya hana ni. In ya tarar da ni a zaure na duƙufa a kan takarda, sai dai ya ce, “In ka gama ƙarar da biro, awaki na jiran ruwa.” Ya wuce abinsa. Da faɗa yake yi ma da ya fi mini sauƙi. Abin da nake nema a wurinsa bai taka kara ya karya ba: ya duba sau ɗaya, ya ce na iya.

Labarin da na fi daɗewa ina zanawa na wani manomi ne mai malfa da lauje, wanda ke kare gonakin ƙauyensu daga wani dodo, rabi mutum rabi jan-baki, tsuntsun nan da ke sauka wa gero ya bar mu da kara tsaye. A ƙauyenmu, can bayan Ɗambatta, gona na manne da gona, in tsuntsu ya sauka wa ɗaya ya sauka wa kowa. Don haka ban sha wahalar neman mugu ba.

Wata shekara bayan kaka na gani a waya za a yi taron masu son labaran zane a Kano, har da gasar shiga, wato mutum ya yi ado irin na jarumin da yake so ya hau dandamali. Nan take na ƙudurta zan je a matsayin manomina, a ɗauke ni bidiyo mutanen birni na tafa mini, in kawo wa Baba. Sai dai jarumi ba ya tafiya ba dodo. Shi ya sa na nemi taubashina, ɗan goggona, wani dogo mai yawan dariya wanda bai taɓa karanta shafi guda na labarina har ƙarshe ba.

“In dai za mu ci gurasa a birni, ko jaki ka ce in zama zan zama,” in ji shi.

Ni na haɗa masa kayan, da hannuna. Na fafe ƙwarya na huda idanu, na yi mata baki da kwali na shafa jan fenti. Fukafukan kuwa da karan dawa na ƙera su, irin yadda muke ƙera motar kara muna yara, na lulluɓe da yagaggen buhu. Ɓawon kara ya yanyanka mini yatsu. Shi aikinsa kawai ya tsaya in gwada, yana mitar ƙaiƙayi.

Nawa kayan ba su buƙaci ƙira ba. Malfa muna da ita, taguwar gona muna da ita, na aro warki. Lauje kuma na kai wa maƙeri ya wasa shi har yana ƙyalli. A wurinmu wa zai fita da laujen wasa? Ai sai yara su bi ka da dariya. A tunanina duk wanda ya zo da na gaske ya gama da masu na ƙarya.

A bakin ƙofar zauren taron wata budurwa ce ke ɗaura wa mutane 'yar roba a hannu tana faɗa musu dokoki. Mai abin rufe fuska ya cire a ga fuskarsa tukuna. Ba a ɗaukar mutum hoto sai an tambaye shi. Ba a taɓa kayan kowa. Da ta zo kaina sai ta ja da baya.

“Malam, wannan na gaske ne?”

“Jiya aka wasa shi,” na ce, har da ɗan alfahari.

“Ai kuwa ba zai shiga ba. Ƙarfe ko wani abu mai kaifi, haramun ne a ciki. Soso ko kwali ko roba kawai. Ka bar shi nan, in za ka fita ka karɓa.”

Na yi bayani, na yi magiya, na ce ba lauje ba jarumi. Ta saurare ni da ladabi, ta ɗaura wa laujena 'yar takarda, ta ajiye shi ƙarƙashin tebur. Taubashina ya cire ƙwaryarsa, ta ga fuskarsa, ta ga fukafukan, ta ce, “Kai, wannan ya haɗu.”

Ciki kuwa wata duniya ce. Samari da takubban soso da suka fi su tsawo, 'yan mata da alkyabbu masu walƙiya, wani ya shiga cikin kwalaye ya zama mutum-mutumin ƙarfe yana tafiya da ƙyar. A tebura masu zane na baje littattafansu. Ni kuma ga ni a tsakiya da malfa da taguwa mai tabon ƙasa, hannu ba komai. Ban yi kama da jarumi ba. Na yi kama da abin da nake, ɗan ƙauye da ya shigo birni. Wani mai shirya taro ya taɓa kafaɗata ya ce in taimaka a matsar da kujerun can. Abin haushin, na matsar.

Kafin in juyo an kewaye taubashina. Kowa sai ya bi doka ya ce, “Don Allah, za mu iya hoto?” Shi kuma ya kaɗa ƙwarya. Da yake ni ne mafi kusa, ni ake miƙa wa wayar. Na ɗauki dodona da 'yan jami'a, na ɗauke shi da wata Hajiya da 'ya'yanta, na ɗauke shi da mutumin kwali. Ba wanda ya nemi izinin ɗaukata. Kishi ne, ba na ɓoyewa. Ina kallon ɗinkin da na yi a kafaɗar fiffike, ina jin kamar in fizge shi.

Na je wurin mai rubuta 'yan gasa. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambayi shigar me na yi. Na faɗa masa. Ya ce dokar gasa sai kayan da aka haɗa da hannu, waɗannan kuwa ai kayan sawa ne na yau da kullum. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo. Na tambaya ko wanda ya ƙera kaya zai iya hawa tare da mai sanye da su. Ya ce mutum ɗaya ake so a dandamali.

Da aka kira taubashina dandamali, sai ya yi abin da ban koya masa ba. Ya duƙa, ya karkata ƙwarya gefe, ya yi tsalle-tsallen jan-baki in ya sauka a zangarniya, ya baza fukafukai ya yi kan 'yan gaba. Mu da muka yi ƙuruciya muna korar tsuntsu mun san wannan tsallen. Zauren ya ɗauki tafi. Mai gabatarwa ya kara masa makirufo ya tambayi wa ya haɗa kayan. Ya yi magana a cikin ƙwarya, ba a ji komai ba sai gunji, mutane suka ɗauka cikin wasan ne suka ƙara shewa. Ya nuno ni da fiffike, amma fiffike ba yatsa ba ne, ya nuna rabin zauren. Aka ba shi lambar yabo. Ni ina ƙasa riƙe da waya ina ɗauka, bidiyon ya fito tas.

A motar komawa ya yi ta ba ni haƙuri yana tsokanata, wai manomin da tsuntsu ya cinye. Na so a ce ya yi mini wani laifi da zan riƙe, amma babu.

Washegari da hantsi ya zo gaida Baba a zaure, da lambar a hannu. Tuni labari ya zaga gari. Baba ya ce a nuna masa, na miƙa wayar. Ya matso da ita kusa da ido. Ya kalli ƙwaryar, ya kalli fukafukan, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce a maimaita. Ban taɓa ganin ya daɗe yana kallon wani abu da na yi kamar haka ba.

“Duk da kara aka yi?” ya tambaya, ya juya ga taubashina. “Ashe yaron nan kana da hannu. Allah ya yi maka albarka, ka fitar da mu kunya.”

“Kawu, ai shi ya yi,” in ji taubashina. “Ni sawa kawai na yi.”

Baba ya murmusa, irin murmushin da ake yi wa yaro mai kawaici. “Ka ji shi, ga kunya kuma.” Sannan ya miƙo mini wayata, ya dube ni da fara'a ya ce, “Kai ma ka kyauta da ka raka shi.”